Shirin wadata Najeriya da sukari: Irin raken da ya yi fice a Numan zai iya gazawa a Lafiagi

Duk lokacin da aka tashi maganar wadata Najeriya da sukari, abin da aka fi ambata shi ne yawan hektocin da aka ware, da biliyoyin nairar da kamfanoni za su zuba, da girman injinan matse rake. Ba kasafai ake tambayar wane irin rake za a dasa a waɗannan filaye ba, ko a ina aka gwada shi, ko shekara nawa aka yi ana gwajin.

A harkar sukari kuwa, wannan tambaya ce ke raba riba da asara. Masana'antar da ta ci biliyoyi tana iya zama a kwance tsawon watanni idan gonar da ke ciyar da ita ba ta ba da isasshen rake ba, ko ta ba da rake mai yawa amma marar zaƙi.

Ƙasashen da suka yi nisa a noman rake sun daɗe da gane cewa iri ɗaya ba ya nuna hali ɗaya a ko'ina. Wanda ya zama zakaran gwajin dafi a wata gona yana iya komawa na baya a gonar da ba ta wuce tafiyar awa biyu ba. Wannan ne ya sa tsarin gwajin iri ya zama ginshiƙin kowace masana'antar sukari mai ɗorewa.

Inda aka kwana

Najeriya na shan sukarin da ya kai kimanin tan miliyan 1.7 zuwa 1.8 a shekara. Abin da ake samu daga raken da aka noma a gida bai kai kashi 10 cikin 100 na wannan adadi ba. Sauran duk ɗanyen sukari ne da ake shigowa da shi ta jiragen ruwa, mafi yawa daga Brazil, a tace shi a matatun Legas da Fatakwal, sannan a zuba a buhu.

Shi ya sa duk lokacin da dala ta tashi, mai shayi da mai gidan burodi da mai alewa da uwar gida sai sun ji a jikinsu, musamman idan azumi ya ƙarato.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa a 1993. A 2012 aka amince da babban shirin sukari na ƙasa, aka fara aiwatar da shi a 2013. Jigon shirin shi ne kamfanonin da aka ba damar shigo da ɗanyen sukari su riƙa zuba jari a noman rake a cikin gida, har a kai ga daina shigowa da shi.

Wa'adin shekara goma na farko ya cika ba a kai ko kusa da burin ba. A 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da zango na biyu, wanda zai kai 2033. Ana yawan ɗora laifin jinkirin a kan rikicin filaye da al'ummomi, da rashin hanyoyi, da ambaliya, da tsadar kuɗin waje. Duk gaskiya ne. Sai dai ko da an warware waɗannan, batun iri zai ci gaba da jiran amsa.

Allah ɗaya, gari bamban

Duba inda manyan gonakin raken suke ya isa ya nuna girman matsalar.

Gonar Savannah da ke yankin Numan a Jihar Adamawa, wadda yanzu ke hannun kamfanin Dangote, tana kan baƙar laka mai nauyi. Irin wannan ƙasa tana tsattsagewa da rani, ta yi danƙo da damina, kuma tana riƙe ruwa na tsawon lokaci. Ana ba gonar ruwa ne daga madatsar Kiri da ke kan Kogin Gongola, kuma zafin bazara a yankin yana haura digiri 40.

Gonar Sunti ta kamfanin Flour Mills, wadda aka buɗe masana'antarta a watan Maris na 2018, tana Ƙaramar Hukumar Mokwa a Jihar Neja, a fadamar bakin Kogin Neja. Sai da aka gina doguwar katangar ƙasa don kare ta daga ambaliya.

A tsallaken kogin, cikin Ƙaramar Hukumar Edu ta Jihar Kwara, akwai aikin kamfanin BUA a Lafiagi, da kuma Bacita, inda aka kafa masana'antar sukari ta farko a ƙasar nan a farkon shekarun 1960. Dangote yana da wani aikin a Tunga da ke Ƙaramar Hukumar Awe a Jihar Nasarawa, yankin da ya fi arewa mai nisa ruwan sama da laima. Akwai kuma aikin Gagarawa a Jihar Jigawa, inda ƙasa ke da rairayi, damina gajera ce, hunturu kuma mai tsanani.

Waɗannan wurare sun bambanta a ƙasa, da ruwa, da zafi, da cututtukan da ke addabar shuka. Tunanin cewa irin rake guda zai yi fice a dukkansu daidai yake da tunanin cewa geron da ya karɓi jigawar Gumel zai karɓi fadamar Bida.

Yadda ake samar da sabon iri

Manomi ba ya shuka ƙwayar rake. Kara yake yankawa gaɓa-gaɓa ya binne, idon da ke jikin gaɓa ya tsiro. Saboda haka duk gonar da aka dasa da iri ɗaya, a haƙiƙa tsiro guda ne aka yi ta yaɗawa, da ƙarfinsa da rauninsa.

Masu samar da sabon iri ne kaɗai ke aiki da ƙwaya. Suna haɗa furen iri biyu a yi barbara, su tattara 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da suka fito, su raine su. Kowace ƙwaya daban take da 'yar uwarta, don haka manyan cibiyoyi kan fara da dubun-dubatar tsirrai a shekara.

Daga nan sai tankaɗe da rairaya. A matakin farko ana zubar da mafi yawa da ido kawai. Waɗanda suka tsira a dasa su a layi ɗaya ko biyu, a auna nauyinsu da zaƙin ruwansu. 'Yan kaɗan ne ke kaiwa matakin ƙarshe, inda ake dasa su a wurare daban-daban, a maimaita kowane iri sau uku ko huɗu a gona guda, a gefen wani sanannen iri da ake amfani da shi a matsayin ma'auni.

Daga ranar barbara zuwa ranar da za a saki iri ga manoma yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15. Kuskuren da aka yi a wurin zaɓe ba ya gyaruwa a damina ɗaya.

Abin da muhalli ke yi wa rake

Rake shuka ce mai ƙishirwa. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna yana bukatar ruwan da ya kai milimita 1,500 zuwa 2,500 daga dashe zuwa sara. Ruwan saman Jigawa ba ya ko kusa da haka, na Kwara da Neja ma yana zuba ne a cikin watannin damina kawai, alhali rake yana shekara guda a gona. Dole ke nan a yi ban-ruwa, kuma iri ya bambanta a yadda yake jure jinkirin ruwa. Wani yana naɗe ganye ya jira, da ruwa ya dawo ya ci gaba. Wani kuwa idan ya sha ƙishirwa sau ɗaya, gaɓoɓinsa sun gajarce ke nan.

Yawan ruwa ma matsala ne. A baƙar laka ko fadamar da ruwa ke kwanciya, saiwa tana rasa iska. Akwai irin da ke jure tsayuwar ruwa na kwanaki, akwai wanda ke rawaya ya tsaya cik. Ambaliyar 2012 da ta 2022 a kwarin Neja da Binuwai sun tunatar da cewa wannan hali ba abin wasa ba ne ga gonakin da ke bakin kogi.

Sai zafi da sanyi. Rake yana girma ne da ɗumi da ruwa, amma yana tara sukari ne idan girma ya ragu, wato lokacin da dare ya yi sanyi kuma ƙasa ta fara bushewa. A nan hunturu alheri ne ga arewa. Masu dafa mazarƙwaila a Maƙarfi da Ɗanja sun san wannan tun kafin zuwan na'urar awo, domin raken da aka sara cikin sanyi ya fi na damina kaurin ruwa da auki a tukunya. Sai dai tsawon hunturu da ƙarfinsa ba ɗaya ba ne tsakanin Jigawa da Nasarawa, don haka irin da ya nuna a watan Disamba a wani wuri yana iya zama ɗanye a wani.

Fure ma yana da tasiri. Tsawon yini da ɗumin dare su ke sa rake ya yi fure, kuma da zarar ya yi, karan ya daina tsawo, idan aka jinkirta sara cikinsa ya fara zama holoƙo. Iri guda yana iya cika gona da fure a wani yanki, a wani yankin kuma ya ƙi yi sam.

Na ƙarshe su ne cututtuka da ƙwari. Burtuntunar rake, wadda ke fitar da baƙar bulala a kan kara, ta fi samun wuri a yanayi mai zafi da bushewa, kuma tana ƙaruwa a gyauro. Cutar da ke ruɓar da cikin kara ya koma ja ta fi son inda ruwa ke kwanciya. Gara ta fi ɓarna a busasshiyar ƙasa mai rairayi. Irin da aka gwada a wurin da babu wata cuta ba za a san ko yana jure ta ba sai ranar da suka haɗu.

Nauyi daban, zaƙi daban

Mai sayar da rake a baro yana duba kauri da laushi. Masana'anta kuwa sukarin da za ta fitar daga kowace hekta take lissafawa, kuma abu biyu ne ke ba da shi: nauyin karan da aka sara, da kason sukarin da ke cikinsa.

A ƙaddara, don misali kawai, iri na farko ya ba da tan 100 na kara a hekta, ana fitar da kashi 10 cikin 100 na sukari daga gare shi. Sakamakon tan 10 ne. Iri na biyu ya ba da tan 85, amma ana fitar da kashi 12. Sakamakon ya ɗan haura tan 10. Na biyun ya fi riba nesa ba kusa ba, domin an rage kuɗin sara da lodi da man tirela da aikin inji na tan 15 a kowace hekta.

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa waɗannan halaye biyu ba sa amsa muhalli daidai wa daida. Zaƙi ya fi bin jini: irin da ya fi 'yan uwansa zaƙi a wata gona yawanci yakan riƙe matsayinsa a wata. Nauyin kara shi ne mai saurin juyawa da ƙasa da ruwa da shekara.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, sakamakon zaƙin da aka samu a wata ƙasa yana iya zama manuniya ga mai son shigo da iri, amma alƙaluman nauyi ba abin dogaro ba ne sai an sake auna su a gida.

Yadda gwaji ke yaudara

Akwai hanyoyi da dama da gonar gwaji ke iya ba da amsar da ba ta dace da gonar kasuwanci ba.

Ta farko ita ce gwaji a wuri ɗaya. Idan aka zaɓi iri a tashar bincike guda, abin da aka zaɓa shi ne wanda ya fi dacewa da ƙasar wannan tasha. Masana sun bambanta yanayi biyu a nan. Wani lokaci duk irin suna raguwa tare idan aka kai su ƙasa marar ƙarfi, amma na ɗaya yana nan na ɗaya, kuma wannan ba ya ɓata zaɓe. Wani lokaci kuma jerin ne ke birkicewa, na ɗaya ya koma na bakwai, na biyar ya hau sama. Wannan na biyun shi ne ke jawo asara, kuma ba a gano shi sai da gwaji a wurare da yawa.

Ta biyu ita ce gwajin shekara ɗaya. Shekarar da damina ta yi kyau tana ɗaga irin da ke son ruwa, shekarar fari tana ɗaga mai juriya. Sakamakon shekara guda labarin wannan shekarar ne kawai.

Ta uku ita ce mantawa da gyauro. Bayan saran farko, rake yana sake tohowa daga tushe, kuma manyan gonaki kan ci gajiyar wannan toho sau uku ko huɗu ko fiye kafin su kafce su sake dashe. Ribar noman rake a gyauro take, domin babu kuɗin iri da na gyaran ƙasa. Akwai irin da ke burgewa a saran farko, ya zube a na biyu, musamman a laka mai nauyi inda tayoyin tarakta ke danne tushe.

A nan akwai wani tarko. Gyauro kullum a shekara ta gaba yake zuwa, don haka idan amfani ya ragu, da wuya a tantance ko irin ne ba ya toho da kyau, ko shekarar ce ba ta yi ba. Maganinsa shi ne a dasa gwajin iri ɗaya a shekaru biyu a jere, yadda saran farko da gyauro za su haɗu a yanayi guda.

Ta huɗu ita ce ƙanƙantar filin gwaji. Idan aka dasa kowane iri a layi ɗaya, dogo mai saurin girma yana yi wa maƙwabcinsa inuwa ya ƙwace masa ruwa da taki, sai ya fito kamar gwarzo. Idan aka dasa shi shi kaɗai a hekta ɗari, inda kowane kara ke gogayya da irinsa, fifikon sai ya ɓace. Masu bincike a Ostireliya sun yi aiki sosai a kan wannan, shi ya sa a matakin ƙarshe ake dasa layuka da yawa a auna na tsakiya kawai.

Ta biyar ita ce kulawa. Gonar gwaji tana samun ruwa da taki da noma a kan kari. Ƙaramin manomin da ke noma wa kamfani rake ba lallai ya samu haka ba. Irin da ke bukatar gata yana iya ba shi kunya.

Darasi daga Indiya da Afirka ta Kudu

A 1912 aka kafa cibiyar samar da irin rake a Coimbatore da ke kudancin Indiya, saboda a can rake yana fure ya ba da ƙwaya mai kyau. Amma matsalar da ake son magancewa a arewacin ƙasar take, inda sanyin hunturu ke hana raken ƙasashe masu zafi sakewa. Masana cibiyar sun haɗa rake mai zaƙi da wani danginsa na daji mai juriya, aka samu irin da ake kira Co 205, wanda ya karɓu a yankin Punjab tun daga 1918. Daga baya aka buɗe reshe a Karnal da ke arewa, don a riƙa zaɓe a yanayin da za a yi noman.

Har yau Indiya ta raba ƙasarta shiyya-shiyya wajen gwajin rake, kuma ana sakin iri ne ga shiyyar da ya ci jarrabawa a cikinta, bayan an auna saran farko da gyauro. Shi ya sa Co 86032 ya mamaye jihohin Maharashtra da Karnataka da Tamil Nadu, yayin da wani iri daban ya mamaye Uttar Pradesh a arewa.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya mai kama da haka. A yankin Natal sanyi yana hana furen rake ba da ƙwaya mai kyau a fili, sai suka riƙa karɓo ƙwaya daga Coimbatore, su shuka, su yi zaɓen a ƙasarsu. Haka aka samu NCo 310, wanda aka saki a 1945, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da yawa. An yi barbarar a Indiya, amma ƙasar Natal ce ta tantance wanda ya dace. A yau cibiyar binciken rake ta ƙasar tana da tashoshin zaɓe daban-daban ga yankin ban-ruwa na arewa, da bakin teku, da tuddai masu sanyi.

Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman rake, tana rarraba gonaki aji-aji gwargwadon ƙarfin ƙasa da yadda take riƙe ruwa, daga mafi kyau zuwa mafi rauni, kuma kowane aji da irin da ake ba da shawarar dasawa. Irin RB867515, wanda a baya ya daɗe yana kan gaba a yawan fili a ƙasar, ya yi suna ne saboda yadda yake jure ƙasa marar ƙarfi.

Tsibirin Reunion da ke Tekun Indiya faɗinsa kusan murabba'in kilomita 2,500 ne, wato ƙasa ƙwarai da Jihar Kano. Duk da haka cibiyar rakensa tana gudanar da zaɓe a tashoshi da dama, domin gabashin tsibirin mai ruwa ne, yammacinsa busasshe, ga kuma gonakin kan tsauni. Idan ɗan tsibiri na bukatar haka, ƙasar da gonakinta suka tashi daga Adamawa zuwa Kwara ta fi bukata.

Hatsarin dogaro da iri ɗaya

Idan iri ya yi fice, kowa sai ya ruga gare shi, kuma nan ne wata matsalar ke fitowa.

Irin Co 0238, wanda masanin nan Bakshi Ram ya jagoranci samarwa a Karnal, an sake shi a 2009. Yana da nauyi, yana da zaƙi. Cikin kusan shekara goma ya mamaye fiye da kashi 80 cikin 100 na gonakin rake a Uttar Pradesh, kason sukarin da masana'antun jihar ke fitarwa ya tashi daga ƙasa da kashi 10 zuwa sama da kashi 11.

Sai dai an kai shi har filayen da ruwa ke kwanciya, waɗanda ba su dace da shi ba. Wani sabon nau'in cutar jan ruɓa ya ɓulla ya kama shi, kuma da yake kusan kowace gona iri guda ce, cutar ba ta samu shinge ba. Yanzu hukumomi da masana'antun jihar suna fafutukar maye gurbinsa.

Ostireliya ta ga irin wannan a shekarar 2000, lokacin da cutar tsatsar ganye ta afka wa irin Q124, wanda ya kai kusan rabin raken Jihar Queensland. Manoma sun yi babbar asara, kuma an ɗauki shekaru ana sauya iri.

Cuta ma ɓangare ce ta muhalli, kuma tana sauyawa. Gwajin iri aiki ne da ba ya ƙarewa, domin zakaran bana yana bukatar magaji a shirye.

Abin da Najeriya ke da shi, da abin da ya rage

Ba daga sifili za a fara ba. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi kusa da Bida ita ke da alhakin binciken rake, kuma ta fitar da nau'o'in da ke ɗauke da lambar NCS. Jami'ar Ilorin tana da cibiyar binciken sukari. Akwai Cibiyar Sukari ta Najeriya a Jihar Kwara, da ɗakunan yaɗa tsiro marar cuta a Ilorin da Zariya. Tsofaffin gonaki irin su Bacita da Savannah sun daɗe suna amfani da nau'o'in da aka shigo da su daga waje, ciki har da na Coimbatore, kuma manyan kamfanoni suna gwada sababbi a gonakinsu.

Ɗakin yaɗa tsiro yana ninka irin da aka ba shi cikin sauri, amma ba ya faɗa ko irin ya dace da Tunga ko Gagarawa. Idan aka yi kuskuren zaɓe, saurin yaɗawa saurin yaɗa kuskure ne.

Lissafi mai sauƙi zai nuna abin da ke cikin haɗari. A gona mai hekta 10,000, giɓin tan 10 na kara a kowace hekta ya zama tan 100,000 a shekara. Idan ana fitar da kashi 10 cikin 100, an rasa tan 10,000 na sukari, wato buhu 200,000 mai kilo 50. Kuma da yake ana cin gyauro shekaru, asarar tana maimaituwa har ranar da aka kafce gonar.

Abubuwan da tsarin ke bukata a bayyane suke. Na farko, jerin gonakin gwaji na dindindin a kowane irin muhalli, baƙar laka da fadama da rairayi, inda za a dasa nau'o'i iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya, a bi su har gyauro na biyu aƙalla.

Na biyu, musayar sakamako. Kamfani yana iya ɓoye sirrin cinikinsa, amma bayanin cewa wani iri yana kamuwa da burtuntuna ya shafi kowa, domin iska ce ke ɗaukar ƙwayar cutar, kuma ba ta san iyakar gona ba.

Na uku, killace duk irin da aka shigo da shi har a tabbatar da lafiyarsa, saboda karan dashe yana iya zuwa da cutar da babu ita a ƙasar.

Na huɗu, ƙayyade kason da iri guda zai mamaye a kowace gona, a kuma haɗa masu nuna da wuri da na tsakiya da masu jinkiri, yadda inji zai samu rake mai zaƙi daga farkon kakar sara zuwa ƙarshenta.

Na biyar, kuɗin bincike mai ɗorewa. Aikin da ke cin shekara 10 zuwa 15 ba ya jure kasafin da ke zuwa bana ya ɓace baɗi. Gwajin da aka bari ba ruwa wata biyu ya lalace ke nan, kuma shekarun da aka zuba a cikinsa sun tafi.

Wanda zai fi jin jiki

Shirin sukari ya tanadi shigar da ƙananan manoma, su noma rake su sayar wa masana'anta. Su ne suka fi kowa shiga haɗari idan iri bai dace ba. Kamfani yana da dubban hektoci da zai rufe giɓin wani sashe da ribar wani. Manomin da ke da hekta ɗaya ko biyu, wanda ya karɓi iri da taki bashi, ya kuma ɗaure gonarsa na shekara huɗu ko biyar, ba shi da wannan dama. Raken masana'anta kuma mai tauri ne, ba zai ɗora shi a baro ya kai kasuwa a sha ba.

Don haka akwai tambayoyin da ya kamata ƙungiyoyin manoma su yi kafin su karɓi iri. A wace gona aka gwada shi, kuma ƙasarta irin tasu ce? Shekara nawa aka yi ana gwajin? Me ya bayar a gyauro na farko da na biyu? Yaya yake idan ruwa ya yi jinkiri ko ya kwanta? Idan ya gaza ba da laifin manomi ba, wa zai ɗauki asarar?

Su ma 'yan majalisa da jami'an da ke kai ziyarar gani da ido gonakin kamfanoni, ƙirga hektoci da duba ginin masana'anta bai wadatar ba. Ya kamata su nemi a nuna musu gonar gwaji da littafin sakamakonta.

Saura 'yan shekaru wa'adin 2033 ya cika, lokacin da bai kai a samar da sabon iri daga ƙwaya ba, amma ya isa a gwada waɗanda ke hannu a kowane yanki, a san wanda ya dace da Numan da wanda ya dace da Lafiagi. Idan ba a dasa waɗannan gwaje-gwaje yanzu ba, manyan gonakin ne za su zama gonakin gwaji, kuma manoma da masu sayen sukari ne za su biya kuɗin.